Motocin zubi a Jidda: wace ce sabuwa, wace ce aka sake wa riga?

Wata ranar Alhamis bayan sallar isha'i ɗan yayata ya taso daga Makka ya same ni a gida, bai ko zauna ba ya miƙo mini waya. Hoton wata 'yar motar ƙarfe ce shuɗiya a cikin kwalinta. Wani ne ya sa ta a kasuwa, ya rubuta da Larabci cewa sabuwar fitowa ce, ba ta samuwa. Kuɗin da ya yanka mata ya isa a sayi irinta 8 a kanti.

"Kawu, in tura masa? Ya ce mutum biyu na jira."

Na tashi na buɗe durowa na ɗauko masa motar nan sak, sai dai tawa ja ce, kuma ta shekara 3 a hannuna. Ya juya ta, ya dubi waya, ya sake juya ta. Fitila iri ɗaya, bamba iri ɗaya, layin ƙofa iri ɗaya. Riga kawai aka sake mata.

Mai sayarwar bai shirga ƙarya ba, shuɗin fentin bana ya fito. Sai dai kalmar "sabuwa" a wannan harka ma'ana uku gare ta, kuma da wannan ruɗanin ake cin kuɗin masu sabon shiga. Kafin a rarrabe ma'anonin nan sai an san yadda ake yin motar tun daga bakin wuta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a gida ya san rabin karatun. A narkar da ƙarfe, a zuba a mazubi, ya sandare ya ɗauki siffarsa. Mai tukunya da yashi yake gina mazubinsa, yana kuma rushe shi bayan kowane zubi. Su kuwa masana'antun motocin nan da ƙarfe mai tsananin tauri suke sassaƙa nasu, ɓari biyu ko fiye da ke haɗuwa su rufe ruf, sannan inji ya tura narkakken ƙarfen ciki da ƙarfi har ya cika kowane lungu, har mariƙin ƙofar da bai kai ƙwayar gero ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya daskare, mazubi ya buɗe, bodi ya faɗo, a sake rufewa. Abin da ya sa nake ce musu motocin zubi ke nan.

Ƙarfen kansa ba baƙin ƙarfe ba ne. Kara masa maganaɗisu ka gani, ba zai kama bodin ba, sai dai ya kama siririyar wayar da ke riƙe da tayoyi. Gauraye ne da ake kira zamak: mafi yawansa tutiya, sai alminiyam kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan burbushin maganiziyam da jan ƙarfe. Daga haruffan farko na sunayen ma'adanan nan huɗu a Jamusanci aka haɗa sunan, kodayake wani kamfanin Amurka ne, New Jersey Zinc, ya fito da shi a 1929. Yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, saboda haka ba ya saurin cinye mazubi, ga shi da nauyi. Nauyin nan da sanyin ƙarfen a tafin hannu su suka raba motar zubi da motocin roba na shagunan Abu Riyalain, masu kayan riyal biyu, da alhazanmu ke cika jaka da su tsarabar yara. Cutarsa ɗaya ce: in dalma ta shiga gaurayen, ko kaɗan ce, bayan shekaru sai bodin ya kumbura ya tsattsage da kansa, kuma ba magani. Haka ta cinye tsofaffin motocin wasa na Dinky da yawa na kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

To, a duk aikin nan ba abin da ya kai sassaƙa mazubi cin kuɗi da lokaci. Daga zane zuwa ranar da mota za ta hau maratayi a kanti akan ɗauki shekara ko fiye, kuma in siffar motar gaske ce, sai mai ita, Toyota ko Nissan ko wanene, ya ba da izini, an biya shi, ya duba samfuri ya amince. (Shi ya sa kake ganin motocin ƙirƙira masu siffar kifi ko ƙwaro cike da maratayi. Ba a biyan kowa kuɗin izini a kansu.) Kamfanin da ya kashe wannan kuɗi ba zai yi zubi ɗaya ya ajiye mazubin ba. Zai yi ta tatsarsa shekara da shekaru.

Ma'ana ta farko ke nan, kuma ita ce ta gaskiya: sabon mazubi, siffar da kamfanin bai taɓa fitarwa ba. Ta biyu sabon fenti a kan tsohon mazubi, kamar shuɗiyar ɗan yayata. Ba laifi ba ne, wani lokaci launi na biyu ko na uku ya fi na farko dacewa da motar, amma ba dalilin ninka kuɗi ba ne. Ta uku ita ce ba a cika magana a kanta ba, kuma ita ta fi ci mini rai: gyararren mazubi. Akan ɗauko tsohuwar siffa a taɓa ta, wani lokaci don mazubin ya gaji, amma sau da yawa don a rage kuɗin ƙira. Sai ka ga ƙasan motar da a da ƙarfe ne ya koma roba, bonet ɗin da yake buɗewa an toshe shi, ko fiffiken baya da yake daban an haɗe shi da bodi ya yi kauri. Suna ɗaya, kwali sabo fil, amma in ka ɗora tsohuwar a hannun dama sabuwar a hagu, hannunka zai gaya maka abin da aka cire.

Hanyar ganewa ita ce kifa motar. A ƙasanta akwai rubutu, kuma ko tana cikin kwali ana iya karkata ta a hasken fitila a karanta. Za ka ga sunan motar, ƙasar da aka ƙera ta, da wata shekara. Mutane da yawa suna ɗauka shekarar nan ita ce ta ƙera motar da ke hannunsu, har wasu su ce sun tsinci tsohuwar mota ta shekara 40. A'a, shekarar rajistar siffar ce. Mota na iya fitowa daga masana'anta watan jiya da shekarar da ta girmi mai sayenta a ƙasanta. A motocin Hot Wheels da Matchbox na yanzu akwai wata 'yar alama daban, harafi ɗaya da lamba biyu: harafin na nuna shekarar da aka yi zubin, lambobin kuma makon shekarar. Saboda haka in shekarar rajista ta bana ce ko ta bara, akwai alamar sabon mazubi ne. In ta yi nisa, riga ce.

Sai maganar "ba ta samuwa", wadda ita ce sandar da dillalai ke kora mutane da ita. Motocin Hot Wheels na gama-gari, waɗanda mafi yawansu a Maleshiya ake yi, a katan suke fita, kowane katan mota 72. Ana yi wa katan-katan ɗin shekara laƙabi da haruffa daga A zuwa Q, ana tsallake I da O, wato rukuni 15 a shekara, kuma jerin lambobin motocin shekara yakan kai 250. Kowane harafi da haɗinsa. Mota ɗaya takan zo biyu ko uku a katan, ta kuma sake bayyana a katan na gaba. Ka lissafa yawan katan ɗin da ke bazuwa duniya, za ka ga motar gama-gari ba ta da ƙaranci ko kaɗan.

Abin da ke faruwa a nan jinkiri ne. Hotunan sabon katan sukan cika intanet tun daga ranar da ya sauka a Amurka ko ƙasashen da ke kusa da masana'anta, mu kuwa sai jirgin ruwa ya iso, an sauke kaya, mai rarrabawa ya kai wa kantuna. Ba kullum haruffan ke zuwa a jere ba, kuma kantin da tsohon kaya bai ƙare masa ba ba zai buɗe sabon katan ba. A wannan tsakanin, makonni ko watanni, wanda ya yo odar 'yan ƙwayoyi ta jirgin sama shi ke da kasuwa. Ban ce kada ya ci riba ba. Ya biya kuɗin aike, ya biya harajin sayayya da ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020, kuma da yake riyal 3.75 ne dala ɗaya, kowa na iya buga lissafin abin da kaya suka tsaya masa. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa yaro jinkirin jirgi da sunan ƙarancin kaya.

Akwai masu ƙarancin gaske. Tun 1995 kamfanin Mattel, mai Hot Wheels, ya fara ɓoye wasu motoci cikin katan da sunan Treasure Hunt, daga 2007 kuma aka raba su gida biyu. Ta ƙasa tana ɗauke da 'yar alamar harshen wuta a cikin da'ira a jikinta, kuma ba wuya ainun. Ta sama, wadda ake kira Super, ita ce ake rububi: fenti mai sheƙi da ake hango ƙarfe ta cikinsa, tayoyin roba mai laushi maimakon busasshiyar roba, harufan TH a wani lungu na jiki, da alamar ruwan zinariya a kwali a bayan motar. Kala 15 ake yi a shekara, kuma ba kowane katan ake dace da ita ba.

A kan irin wannan aka taɓa cuta ta, kuma har yau abin na raina. Na saya a hannun wani da muka haɗu a wajen wani masallaci bayan magariba, haske ya yi ƙasa, na ga tayar roba na ga sheƙi na biya. Da na zo gida na sa ta ƙarƙashin fitila sai na ga gefen ƙoƙon robar da ke rufe motar yana da wani danshin gam da ya bushe, ba irin mannewar masana'anta mai tsabta ba. Na ɓalle kwalin na kifa ta. Kawunan ƙusoshin nan biyu da ke haɗa bodi da ƙasa, waɗanda inji ke murɗewa su yi sumul kamar bakin ƙoƙo, an huda su an cike da gam an shafa fenti. Motar gama-gari ce aka sauya wa taya. Tun daga ranar ba na sayen mai tsada sai da rana, kuma ƙusa nake fara dubawa kafin fenti.

Wani abu da ya shigo harkar wanda ba na shiga shi ne 'yar ƙuri'a: mutum 20 kowa ya zuba riyal kaza, a juya, ɗaya ya tafi da motar, sauran su tashi a tutar babu. Ko da wane suna aka kira shi, caca ce, kuma na gaya wa ɗan yayata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Kamfanin Tomica na Japan, wanda ya fara a 1970, nasa tsarin ya fi sauƙin bi. Asabar ta uku ta kowane wata yake fitar da sababbi, kuma kowace sabuwa tana maye gurbin wata tsohuwa a jerin lambobinsa. Wasu sukan zo da launi na musamman na zubin farko kawai, wanda in ya ƙare ya ƙare. A nan in an ce maka kaya sun yanke, maganar tana da tushe. Su kuma irin su Mini GT, Inno64 da Tarmac Works, da ake yi don manya, sukan sanar da mota watanni kafin ta fito, a yi oda a jira.

Wannan ya kawo mu ga awo, inda ake yawan musu a majalisa. In an ce 1:64, ana nufin an raba tsawon motar gaske gida 64. Land Cruiser mai kusan mita 5 za ta dawo santimita 7.8. A awon 1:43 ta kusa santimita 12, a 1:24 ta kusa 21, a 1:18 ta kusa 28. Kada tsawon ya ruɗe ka: ta 1:18 ta fi ta 1:64 cin wuri kusan sau 45, domin faɗi da tsayi ma sun ƙaru. Wanda ke zaune a ɗaki biyu na haya a Jidda da iyali ya yi wannan lissafin kafin ya fara.

Amma Hot Wheels da Matchbox da Majorette na gama-gari ba sa bin awo da gaske, kwali suke bi. Abin ya samo asali tun 1953, lokacin da kamfanin Lesney na Landan ya fara Matchbox, bayan injiniyansu Jack Odell ya ƙera wa 'yarsa abin wasan da zai shiga gidan ashana, don makarantarsu ba ta yarda a zo da abin da ya fi haka girma ba. Tun daga nan akwati ke yanke wa mota tsawo. Shi ya sa za ka jera ƙaramar mota da babbar jif ka ga tsawonsu ɗaya. Tomica ma haka take yi, amma tana rubuta gaskiyar awon a jikin akwati, ƙaramar mota wajen 1/57, bas kuwa ya haura 1/100, kuma ina girmama ta a kan wannan. Hot Wheels kuwa tun da Mattel ya fito da ita a 1968 da motoci 16, don gudu a kan titin roba aka yi ta, shi ya sa tayoyinta sukan fi ƙima girma. Wanda ya kushe ta don ba ta yi daidai da motar gaske ba ya auna ta da mudun da ba nata ba.

Ni in sabuwar mota ta shigo hannuna, ba na fara duba ƙananan abubuwa. Ina ajiye ta a kan tebur, in durƙusa har idona ya yi daidai da rufinta, in dube ta daga gefe kamar yadda zan hango ta gaske a tsallaken titi. Tsayuwarta nake nema. Jif ɗin da ta zauna ƙasa kamar motar tsere ta faɗi tun a nan, komai kyan fentinta. Sai layin rufi, da kaurin ginshiƙan gilashi, domin zubi ba ya son siriri, kuma a nan ake gane gwanin mai sassaƙa. Sai fuska. Mota kamar mutum ce, a ido ake gane ta. A masu araha fitilun bugawa ake yi da wani tambarin roba mai laushi da ke ɗauko fenti ya dangwala, kuma in ya goce da rabin milimita sai motar ta zama mai harara garke. A maratayi ɗaya za ka samu uku iri ɗaya, ɗaya ce kawai idonta ya zauna daidai, don haka a tsaya a zaɓa. Wasu ma gaba kawai ake buga wa fitila a bar baya fayau. A masu tsada fitilun ƙwayar roba ce mai haske da aka dasa daban, da madubin gefe, da sitiyari a inda ya dace. Mini GT takan fitar da mota ɗaya a sitiyarin hagu da na dama, kuma tunda nan da gida duk sitiyarin hagu muke tuƙi, mai na hagun nake nema. Daga ƙarshe in tura ta da yatsa a kan tayil in saurara. Wadda wayar tayarta ta lanƙwashe za ta karkace, ta yi ƙara.

Duk wannan ba ya yiwuwa mota na cikin kwali. Shi ya sa sharhin da ake yi ana jujjuya rufaffen kwali gaban kyamara ana cewa ta yi kyau bai gamsar da ni ba. Haka mai sharhin da kyauta ake aiko masa kaya, ko kuma shi da kansa yake sayar da su, ya kamata ya faɗa tun farko. Na san buɗe kwali na karya farashi, kuma wanda ya dace da Super ya bar ta a rufe ban ga laifinsa ba. Ana yawan kawo labarin 'yar motar Volkswagen ruwan hoda ta Hot Wheels ta 1969, samfurin da bai shiga kasuwa ba, wadda aka yi wa ƙima sama da dala 100,000. Amma ita samfuri ce da 'yan ƙwayoyi kawai aka yi. Motar da aka zuba dubu ɗaruruwa, kuma dubban mutane suka adana a kwali da fatan ta yi tsada, ba ta bi wannan hanyar ba.

Adanar ma a ƙasar nan sai da lura. Na taɓa barin leda guda a but ɗin mota da rani, kwana biyu kacal, na tarar ƙoƙunan roba sun lotsa, kwalaye sun bankaɗe. Raɓar Jidda tana sa kwali ya yi laushi ya lanƙwashe, hasken rana ta taga yana mayar da farar roba rawaya ya kuma kashe jan fenti, tayoyin roba mai laushi kuma in sun daɗe a kan wata robar cikin zafi sukan manne su bar tabo. Ɗaki mai na'urar sanyi, nesa da taga, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, sun wadatar.

Sha'awar motoci ta ƙaru a nan tun da aka kawo gasar tseren hamada ta Dakar Saudiyya a 2020, aka kuma fara tseren Formula 1 a bakin tekun Jidda a Disambar 2021. Da Yazid Al-Rajhi ya ci Dakar a Janairun 2025 da Toyota Hilux, yara da yawa sun shiga neman Hilux ƙarama, kuma a shekarar ce Hot Wheels ta fitar da jerin motocin Formula 1 da izini. Majorette ta daɗe da gane kasuwar yankin nan, tana yin motocin 'yan sandan Dubai. Amma in ka zauna da Hausawan da ke tara motocin nan, ba su ne ke sa murya ta canza ba. Wanda aka haifa a Makka ko Madina, Jims, wato GMC, yake nema irin wadda babansa ya yi jigilar alhazai da ita, ko Cressida, ko Shas, wato Land Cruiser a-kori-kura, mai launin ƙasa. Wanda ya zo da girmansa kamar ni, Fijo 504 yake nema, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, mu da muka fara da motar kara da ta langa-langa muna binta da ido. Kamfanin Norev na Faransa yana yin ta, kuma tawa fara ce, a awon 1:43, tana saman kanta ita kaɗai. Duk ranar da aka ce wani kamfani ya sassaƙa sabon mazubin ɗaya daga cikin waɗannan, ranar ce nake yin oda ban tsaya jiran jirgin ruwa ba.

Ɗan yayata bai tura kuɗin ba. Bayan kamar mako biyar ya kira ni daga wani babban kanti a Makka, ya ce shuɗiyar ga ta nan har huɗu a maratayi, a kuɗin kanti. Na ce ya jera su ya dubi fitilun. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ina jin ƙarar kwalaye, sannan ya ce, "Kawu, biyu sun goce, ɗaya fentin ƙofa ya ɗan zubo. Ta huɗun ce lafiya." Ya ɗauko ta, ya kifa, ya fara karanto mini harafin da lambobin da ke ƙasa.